Raɓar da ke sauka cikin takunkumin barci

Na shafe shekaru ina ɗaura wa masu fama da ɗaukewar numfashi cikin barci na'urar CPAP, mai hura iska ta tiyo zuwa takunkumin da mutum ke sawa a fuska domin hanyar numfashinsa ta zauna a buɗe, wadda Colin Sullivan, likita a birnin Sidni na Ostireliya, ya bayyana wa duniya a shekarar 1981, kuma babu ƙorafin da ya wahalar da ni a farkon aikina kamar na ruwa. Wani dattijo ya zo mini a tsakiyar hunturu, ya ce kullum gab da asuba sai ya ji tiyon na'urar yana ƙara kamar mai kuskurar baki, daga nan sai ruwa mai sanyi ya zubo masa a hanci ya tashe shi. Na zaci na'urar ce ta samu matsala, na sauya masa tiyo, da abin ya ci gaba kuwa sai na kashe masa tankin da ke ɗumama ruwa domin ƙara wa iskar danshi, baki ɗaya. Ruwan ya daina zuba, amma bayan mako biyu ya dawo da busasshen maƙogwaro da hanci mai haɓo, ya kuma shaida mini cewa ya ajiye na'urar, minshari da gyangyaɗin rana sun dawo.

Sai a lokacin na zauna na fahimci abin da ke faruwa, ashe abin da kowace mai girki ta sani ne game da murfin tukunya. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi ɗaukar tururi: a ma'aunin zafi 30, iskar da ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska na iya riƙe kimanin giram 30 na ruwa, a ma'auni 15 kuwa bai kai giram 13 ba. Iskar da ta fito daga tanki da ɗuminta tana bin tiyo mai tsawon kusan mita 1.8, idan ɗakin ya yi sanyi sai ta huce a hanya, tururin da ta kasa riƙewa ya koma raɓa a jikin tiyon. Hunturu yana haɗa wa mutum matsala biyu, domin bushewar iska tana sa shi ƙara lambar danshi a jikin na'urar, sanyin asuba kuma yana mayar da danshin nan ruwa. A lokacin bazara na'urar sanyaya ɗaki ce ke yin wannan ɓarnar, musamman idan tana hura tiyon kai tsaye.

Tun daga nan ba na taɓa maɓallin na'ura sai na tambayi yanayin ɗakin. Da na tambayi dattijon, sai ya ce: "Ɗana, ai a kan durowa take, saman kaina, kusa da taga." Ruwa kuwa gangare yake bi. Na roƙe shi ya sauke ta ƙasa da matashin kansa domin raɓar ta koma tanki, ya rufe tagar, ya kuma tura tiyon ƙarƙashin bargo. Mai ɗakinsa ta ɗinka wa tiyon riga da tsohon zane mai kauri, wadda a ganina ba ta gaza waɗanda ake shigowa da su ba. Lambar danshi kuwa mataki ɗaya nake ragewa, a jira dare biyu ko uku kafin a sake taɓa ta.

Akwai tiyo mai ɗumama kansa, irin ClimateLine na kamfanin ResMed, kuma yana aiki sosai, sai dai yana da tsada, yana kuma ƙara jan batir ga wanda ya dogara da inbata idan an ɗauke wuta, shi ya sa ba da shi nake farawa ba.

Abin da na fi tsananta gargaɗi a kansa shi ne ƙananan hudojin da ke jikin takunkumin. Wasu kan toshe su da salatif saboda sanyin iskar da ke fita, alhali ta nan ne gurɓatacciyar iskar da mutum ya fitar ke ficewa, kuma toshe su na ƙara tara raɓa daga numfashinsa. Dattijon ma ya toshe nasa, a gabana muka ɓare salatif ɗin. Na mayar masa da tankin a lamba 3, kuma da ya dawo ƙarshen watan Janairu ya ce ladan ne ke tashinsa yanzu.