Kukan gyaren da ya zauna a kunnena

Ina da shekara 19 na sayi Discman ta Sony, wato ƙaramar na'urar sauraren faifan CD, a wajen masu kayan gwanjo. Murfinta ya koɗe, amma idonta mai karanta faifai garau yake. Tun 1984 Sony ya fito da irinta ta farko, shekara biyu bayan fitowar faifan CD, don haka a ƙasashen waje ta daɗe da zama tsohon yayi. Ni kuwa a ɗakina ba ni da abin da ya fi ta. An yi ta ne don yawo, amma tawa ba ta taɓa fita ƙofar gida ba. Bayan Isha'i sai in kishingiɗa a katifa, in ɗora ta a kan filo, in toshe kunnuwa da iyafis, in ji faifai ya fara juyawa da ɗan sautinsa na shuu kafin waƙa ta shigo.

Kwanan nan na ga wani ƙanena ya samo irinta yana ta murna, shi ya sa nake wannan rubutu, gare shi da tsararrakinsa.

Ɗakina yana jingine da katangar maƙwabta, kuma a gindin katangar suke ajiye janareta. Da an ɗauke wuta sun tayar da shi, sai waƙar ta nutse, ni kuma in ƙara murya. A gefen na'urar akwai wani ɗan maɓalli da aka rubuta wa AVLS, aikinsa ya hana sauti wuce kima. Tun makon farko na kashe shi, don a ganina tauye ni yake yi. Faifai ɗaya yana ɗaukar minti 74 zuwa 80, ni kuma ina jin biyu ko uku a dare, sau da yawa barci ya kwashe ni abin yana kunnena.

Alamun sun zo, ban gane su ba. Idan na cire iyafis sai in ji kamar an cusa mini auduga, ga wani siririn kuka kamar na gyare. Da safe ya tafi, sai in ce ai ba komai. Wani dare Umma ta yi ta kirana daga tsakar gida, jiri ya ɗebe ta tana neman mai riƙe ta, ban ji ba. Sai da ƙanwata ta banko ƙofa tana cewa, "Yaya, ba ka ji Umma ba ne?" Har yau idan na tuna sai zuciyata ta yi nauyi.

Bayan 'yan shekaru gyaren ya daina tafiya. Likitan kunne ya auna ni, ya yi mini bayani cewa can cikin kunne akwai wasu ƙwayoyi masu kama da gashi, su ke karɓar sauti su miƙa wa jijiya. Ƙara mai yawa tana gajiyar da su, idan ta daɗe ta kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne babba zai iya jin sauti mai ƙarfin desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma da ya kai 90 sai lokacin ya koma awa 4 kacal. Ni da nake gasa da janareta, a dare ɗaya nake cinye rabon mako.

Ƙannena, idan na'urarku tana da wannan maɓalli, ku bar shi a kunne. Kada murya ta wuce kashi 60 cikin 100. Ku nemi hedifon mai rufe kunne gaba ɗaya, domin idan ya tare hayaniyar waje ba za ku buƙaci ƙara murya ba. Faifai ya ƙare, ku cire ku huta kafin na gaba. Kuma a gida kuke, cikin iyaye: idan aka yi magana kusa da ku ba ku ji ba, ku rage.

Na yi wasu ɓarnar, amma masu sauƙi ne. Na goge faifai da bakin riga ina zagayawa, alhali daga tsakiya zuwa gefe ake gogewa da ƙyalle mai laushi. Na riƙa kife su ina kare gefen mai sheƙi, ashe gefen rubutun ya fi saurin lalacewa, don waƙar tana dab da ƙarƙashinsa. Na bar batir a ciki wata da watanni har ya yi ruwa ya ci ƙarfen. Mai gyaran rediyo ya kankare shi ya hure ƙurar hunturun da ta rufe idon, ta ci gaba da aiki.

Tana nan har yanzu, kuma ina saurare da ita jefi-jefi, murya ƙasa-ƙasa, ƙofar ɗaki a buɗe. A wurin ɗaurin aure ko taron suna, sai na juyo da kunnen dama kafin in fahimci mai magana. Da dare kuwa, idan gari ya yi tsit, kukan nan ne abu na ƙarshe da nake ji kafin barci.