Georges Rousse: da'irar da ba a ganin ta sai daga wuri guda

Duk wanda ya fara ganin hoton Georges Rousse zai rantse kango aka ɗauka sannan aka liƙa masa da'ira da kwamfuta. Fenti ne kuwa na gaske, an shafa shi gutsure-gutsure a bango da ginshiƙi da daɓe da silin, kuma ba ya haɗuwa ya zama da'ira sai daga inda idon kyamara yake. Ka matsa taku ɗaya gefe, da'irar ta wargaje.

An haifi Rousse a birnin Faris a 1947. Karatun likita ya fara a garin Nice, ya bar shi ya koma ɗaukar hoto. A farkon shekarun 1980 yana zana siffofin mutane ne a bangon gine-ginen da aka ƙaurace musu ko ake shirin rushewa, daga baya ya koma da'ira da murabba'i da kalmomi. Ya sami babbar kyautar ɗaukar hoto ta ƙasar Faransa a 1993. A 1995 ya yi aiki a Kobe ta Japan cikin gine-ginen da girgizar ƙasa ta lalata, a 2006 kuma a tsofaffin gine-ginen garin Durham na Amurka tare da masu aikin sa kai. Galibi ginin yakan tafi, a rushe shi ko a gyara, hoton ne kawai ke saura. Shi ya sa ake lissafa shi cikin masu ɗaukar hoto, duk da cewa yawancin wahalar tana wajen fenti.

Kyamararsa irin babbar nan ce da ake ɗora wa ƙafa uku, mai gilashi a baya inda hoto ke fitowa a kife. A kan wannan gilashin ake zana siffar, shi yana leƙawa, mataimakansa suna sa alama a bango inda ya nuna.

In kana son gwada irin wannan aiki, a Katsina ba a rasa kango, musamman a sababbin unguwannin bayan gari inda ake kai gini linta a tsaya. Nemi izinin mai shi tukuna, a sanar da mai unguwa. Ganuwa da Gobarau da sauran kayan tarihi kuwa, ko kusa.

Zaɓi ɗaki mai zurfi, mai ƙofa ko ginshiƙi a tsakiya, don bango shafaffe ba ya ba da mamaki. Kafa kyamara, ka zagaye ƙafafun uku da alli a daɓe, ka rataya wa tsakiyarsu leda cike da yashi, ka ɗaure zoben zuƙowa da salatif. Daga nan har a gama, ba mai taɓa ta. Nan aikin yawanci yake lalacewa: wani ya yi tuntuɓe da ƙafa ɗaya, kyamara ta gusa da ɗan yatsa, sai ginshiƙin da ke kusa ya zame fiye da bangon da ke nesa, bakin da'ira ya tsinke a mahaɗa. Ba gyara sai sake zane.

Hanyar fitar da siffar biyu ce. Ta farko, manna leda mai haske a gilashin bayan kyamara inda hoto ke fitowa, ko a fuskar waya, zana da'irar a kai, kana kallo kana ce wa mai alli "ɗan yi dama, sauko kaɗan", yana ɗiga alama duk bayan taƙi guda, sannan a haɗa ɗigon da salatif na takarda. Tana cin lokaci amma ta fi inganci. Ta biyu, majigi da daddare. Sai dai dole idon majigin ya zauna daidai inda idon kyamara zai zauna, ba gefensa ba, ba samansa ba, kuma haskensa bai kai faɗin abin da kyamara ke gani ba, don haka siffar za ta yi ƙarami.

Lissafin fenti yana yaudara. Abin da ya yi faɗin mita 1 a nisan mita 3, sai ya yi mita 2 a nisan mita 6, wato filin shafawa ya ninka huɗu. Lita ɗaya ta fentin ruwa takan rufe kamar murabba'in mita 8 zuwa 10 a bango mai filasta. Tsurar bulo kuwa shanye fenti yake yi kamar yashi da ruwa, sai an fara shafa fari a ƙasa, sannan launi sau biyu. Kada a sayi mai sheƙi, domin ƙyallinsa zai tona kowace kusurwa.

Sai haske. Silin ya fi daɓe duhu, bangon da ke fuskantar taga ya fi na gefe haske, don haka ja ɗaya zai fito kala uku. Ana rage wannan da ɗauka lokacin da rana ba ta shigo ɗakin kai tsaye ba. Hazon hunturu yana taimakawa a nan don yana tausasa haske, amma ƙurarsa tana kwanciya a ɗanyen fenti, saboda haka a yayyafa ruwa a daɓen da ba za a shafa ba, a toshe taga da buhu har ya bushe.

Wajen ɗauka, sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 100, ka matse ƙofar haske zuwa f/16 domin na kusa da na nesa su fito tas tare. In ɗaya ya dushe, ido zai gane tazarar nan take. Matse ƙofar hasken zai ja ɗaukar ta kai daƙiƙa ɗaya ko fiye, sai ka sa agogon daƙiƙa 2 ka ɗauke hannu. Kafin a cire salatif ɗin ƙarshe, ɗauki gwaji ka zuƙo shi a mahaɗar ginshiƙi da bango, a nan kuskure ke fara bayyana.