Godiya ga duk wanda ya sa hannu a zaman yankan kwali na yaranmu

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdu lillahi, jiya Asabar muka rufe zaman da muka yi da yaran unguwa a wannan dogon hutu, inda suka koyi haɗa siffofin lissafi da takarda da kwali. Sai yau na samu sukunin yin godiya, don jiya da ƙyar na iya miƙe baya.

Na fara da Baba mai shagon bakin layi. Da na je roƙon kwalaye, na ce masa yara za su yi lissafi da su, sai ya yi dariya ya ce shi dai a saninsa da alli ake lissafi. Duk da haka ya yi ta tara mana har muka ce ya isa. Allah Ya ƙara wa kasuwa albarka, Baba.

Sai Hajiya maƙwabciyata, wadda ta ba mu zaurenta. Rana ta biyu gam ya ƙare tun kafin azahar, don yara sun ɗauka yawan shafawa shi ne ƙarfi. Ta shiga ciki ta damo mana sitacin rogo mai kauri. Ya kama fiye da na kanti, sai dai ga damina, sai an jira kafin ya bushe.

Iyaye kuma ku yafe mini takardun da aka yi asara ranar farko, laifina ne. Na zana musu shimfiɗar akwati mai fuska shida, irin ɗan ludo, na manta ban bar ƴan kunnuwan da ake shafa wa gam ba. Suka yanke tsaf, suka naɗe, babu abin da zai riƙe. Wani ɗan aji uku ya ce, "Malama, ai ba shi da kunne, shi ya sa ba ya jin magana."

Babbar godiyata ga Malam, tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya, wanda ya leƙo gaisuwa kawai ya ƙare a kan tabarma da almakashi a hannu. Ni burina yara su yi abin ado su kai gida. Shi kuwa ya ce kowa ya ɗauki nasa ya ƙirga fuskoki da kusurwoyi, ya haɗa, sannan ya cire yawan gefuna. Akwati: fuska 6, kusurwa 8, gefe 12, saura 2. Dala mai gindin murabba'i, wadda ya kwatanta musu da dalar gyaɗa ta Kano: 5 da 5, a cire 8, saura 2. Wata yarinya ta ce ita ba ta yarda ba, dabara ce. Ta ɗauko mai fuska 12, ta riƙa ɗiga biro a kowane gefe don kada ta ƙirga sau biyu. Ta samu gefe 30, kusurwa 20. Ta yi shiru, ta sake ƙirgawa, sannan ta ɗago: "Malam, nan ma biyu ne!" Sai a lokacin ya gaya musu cewa Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan Suwizalan, ya rubuta wannan ƙa'ida tun 1750. Na ji daɗin da ya bari suka gano da hannunsu kafin ya ambaci suna.

Ita wannan mai fuska 12 ta ba mu wuya. Kowace fuska kusurwa biyar gare ta, kowace kusurwa digiri 108, in ka kuskure ko kaɗan murfin ƙarshe ba zai zauna ba. Sau uku muna yi. Amma mun kammala duka biyar ɗin da fuskokinsu da kusurwoyinsu suke iri ɗaya, masu fuska 4, 6, 8, 12 da 20, waɗanda Girkawa suka san babu ta shida fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Ƴan matan da suka tsaya wa ƙanana wajen yanka, ba wanda ya ji ciwo, Allah Ya yi muku albarka. Duk wanda ban ambata ba ya yi haƙuri, Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.

Malam ya ce hanya 11 ake iya shimfiɗa akwati, yara sun gano bakwai, don haka in kun ga ana bin kwalin sabulu a gida, sauran huɗun ake nema. Akwai kuma almakashi biyu masu jan mariƙi da aka manta a zaure, suna wurin Hajiya.