Hanyar Masunta: Daga Almograve Zuwa Zambujeira a Ƙafa

A kudu maso yammacin ƙasar Fotugal, inda tudu ya ƙare tekun Atlantika ya fara, akwai wata hanyar ƙafa da ake kira Hanyar Masunta. Tsawonta ya haura kilomita 220. Ta taso daga kusa da garin Sines, mahaifar matuƙin jirgin ruwan nan Vasco da Gama, ta gangara kudu har garin Lagos na Fotugal (ba Legas ta Najeriya ba). An raba ta zango 13, kowane zango tafiyar yini guda. Ni da yayana mun zaɓi watan Afrilu, kuma zangon da ya fi zauna mini a rai shi ne wanda ya tashi daga ƙauyen Almograve zuwa Zambujeira do Mar, kilomita 22.

Ba injiniya ne ya zana wannan hanya ba. Sawun mutanen yankin ne, masu gangarawa bakin ruwa neman kifi, wannan ya bi, wancan ya bi, har ciyawa ta mutu turba ta fito. A shekarar 2012 ne aka haɗa turbobin a ƙarƙashin sunan Rota Vicentina, wato tsarin hanyoyin ƙafa na yankin wanda Hanyar Masunta ke cikinsa, aka kafa 'yan gajerun turaku masu zane biyu, kore da shuɗi, don baƙo ya san inda zai sa ƙafa. Mafi yawan tafiyar a cikin gandun da gwamnati ta keɓe take tun 1995. Mota ba ta bin turbar, keke ma an hana, ba a kafa tanti a kwana, kuma ayari ba ya wuce mutum 20.

Mun fita da sanyin safiya. Da farko hanyar shimfiɗaɗɗiya ce har zuwa Lapa de Pombas, wani ɗan lungu tsakanin duwatsu inda ake janyo ƙananan kwalekwale kan tudu. Daga nan aka fara hawa, kuma daga nan rairayi ya karɓe mu.

Wanda bai taɓa doguwar tafiya cikin rairayi da jaka a baya ba, ba zai gane nauyin abin ba sai ya gwada. Ka taka, ƙafa ta nutse, ka ɗaga, rabin takun ya koma baya. Mafi yawan Hanyar Masunta haka take, shi ya sa kilomita 22 a nan ba ɗaya take da kilomita 22 a kan titi ba. Sha-raɓa ce ke fara kuka, sai cinya ta biyo. Yaya ya riga ni gano dabarar: ka rage faɗin taku, ka ɗora ƙafa a sawun wanda ya wuce gabanka, inda yashin ya ɗan danne.

Sai dai rairayin wurin abin kallo ne. Wani fari tas, wani rawaya, wani ja wur saboda tsatsar ƙarfen da ke cikinsa. A wasu wuraren tsofaffin tuddan yashi sun daskare sun zama dutse, iska ta yi ta sassaƙarsu ta bar ramuka da kaifi. Ƙarƙashin wannan shimfiɗa kuwa dutse ne baƙi ƙirin, wanda shi ne gaɓar kanta. Na daɗe ina dubansa. Falle-falle yake, wani kan wani, amma fallayen ba a kwance suke ba: sun lanƙwashe, sun naɗe, wasu sun miƙe tsaye sun nutsa cikin ruwa jere-jere kamar haƙoran zarto. Asalinsu laka ce da yashi da suka kwanta a ƙasan wani tsohon teku sama da shekara miliyan 300 da suka wuce, daga baya nahiyoyi suka yi karo suka matse su har suka tanƙware. Mutum ya tsaya a kai ya ga dutse a naɗe haka, dole ya ce Allah mai iko.

Shirun wurin ba na rashin sauti ba ne, domin teku ba ya yin shiru. Igiyar ruwa na dukan gindin dutsen can ƙasa, kana jin rugugin a ƙirjinka kafin ka ga farin kumfa ya tashi. Abin da babu shi ne hayaniyar mutane. Mukan yi tafiya mai nisa ba mu haɗu da kowa ba, in ma an haɗu, gaisuwa ce da ɗaga hannu, kowa ya wuce. Mu kanmu hirarmu ta yi ta raguwa har ta ɗauke, ba don wani abu ya faru ba. Iskar arewa ce ke kaɗawa a wannan gaɓa mafi yawan lokaci, don haka mai tafiya kudu tana bayansa, tana tura shi. Ita ce kuma ke kore ruwan sama-sama daga bakin gaɓa, na ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Wannan ne dalilin da ya sa ruwan nan ke da sanyi ko da rana ta take, kuma shi ke kawo wa kifi abinci.

A wani ƙoƙon dutse da ya leƙa kan teku muka ga wani dattijo zaune shi kaɗai, da doguwar sandar fatsa, zarensa ya sauka can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Tazarar da ke tsakanin takalminsa da bakin ramin ba ta kai kamu biyu ba. Ni ko daga inda nake tsaye, jiri nake ji yana neman ɗibata. Muka gaishe shi da ɗan abin da muka koya na harshensu, ya amsa da kai, idonsa na kan zare. Kusa da shi akwai turken ƙarfe da aka kafa a dutse, an ɗaura masa igiya mai ƙulli-ƙulli, ta zarce ƙasa. Igiyar ta koɗe, gishiri ya ci ta, wajen ƙullin ya yi santsi saboda yawan hannun da ya riƙe shi. Da irin wannan igiya masu ɓamɓaro halittun ruwan da ke manne a jikin dutse suke sauka idan ruwa ya janye, su yi aikinsu a daidai inda igiyar ruwa ke fashewa, su hawo kafin ya dawo.

"Yaya, kana ganin mutum zai sauka ta nan?" na tambaya.

"Ga shi kuwa an sha sauka," in ji shi. "Dubi ƙullin. Kai dai matso baya, ƙanena, wannan gefen ba namu ba ne."

Gaskiyarsa. Mu mun zo kallo ne, su kuwa nan ne wurin neman abincinsu, kuma sun san kowane dutse da halinsa. Gefen gaɓar yaudara gare shi: saman yashi ne da saiwoyin tsirrai, ruwa da iska sun rarake ƙarƙashinsa, sai ka ga wuri kamar zai ɗauki mutum alhali ba abin da ya tokare shi. Babu shinge a mafi yawan hanyar, kuma masu kula da ita sun faɗa a fili cewa ba ta dace da mai tsoron tsayi ba. Ni ina ganin barinta haka ba shinge shi ne daidai. Da an bi ta da ƙarafa da siminti, da an kashe abin da ya sa ake zuwa. Amma sharaɗin shi ne baƙo ya tsaya kan turba. Ba don ransa kaɗai ba: tsirran da ke riƙe da yashin nan gajeru ne, iska ta hana su tsawo, kuma wasunsu babu su a ko'ina a duniya sai wannan gaɓa. Duk wanda ya ratse don ɗaukar hoto ya buɗe sabon sawu, na bayansa zai bi, yashi ya tone, damina ta zo ta tafi da shi.

Afrilu lokacin fure ne a can. Akwai wani ɗan tsiro mai ganye mai danƙo, in ka shafa sai yatsunka su manne, ga ƙamshi mai ƙarfi da rana ke fitarwa, furensa fari mai laushi. Akwai kuma wani mai kaurin ganye cike da ruwa, yana malala a ƙasa, furensa rawaya ko ruwan hoda, wanda shi ya fi ɗaukar ido. Wannan na biyun baƙo ne, daga Afirka ta Kudu aka kawo shi, kuma duk inda ya shimfiɗa sai ya danne 'yan asalin wurin ya hana su fitowa. Da na san haka, kyansa ya ragu a idona.

Hanyar ta ɗan juya cikin tudu ta ratsa ƙauyen Cavaleiro, muka cika gorunan ruwa, muka koma bakin gaɓa wajen Cabo Sardão. A nan akwai hasumiyar fitilar da ke yi wa jiragen ruwa jagora da dare, fara mai jan kai, an gina ta a 1915. Ba ita ta tsayar da mu ba. Yaya ne ya riƙe hannuna ya nuna mini wani tsinin dutse da ya rabu da gaɓar, ruwa ya kewaye shi ta ko'ina. A ƙololuwarsa akwai tarin itace, a kan tarin kuma tsuntsuwa tsaye, doguwa, fara, mai baƙin fiffike, jan baki da jan ƙafa.

Shamuwa ce. Ba irin wadda muka sani mai baƙin baya, mai zuwa gabanin damina ba, wannan 'yar uwarta ce ta Turai, ta fi ta girma, in ta buɗe fiffike ya kai wajen mita 2. A sauran ƙasashe kan rufin gidaje, bishiyoyi da turakun lantarki take sheƙa. Wannan gaɓa ce kaɗai wurin da aka sani a duniya inda take gina sheƙarta a kan duwatsun teku.

Muka zauna nesa da baki muka zuba mata ido. Da yake muna sama da ita, cikin sheƙar a buɗe yake gare mu. Rassa ne manya aka saƙa, sababbi a kan tsofaffi, domin sukan koma sheƙa ɗaya shekara da shekaru suna ƙara mata gini. Gefen dutsen ya yi fari da kashinsu. A tsakiya 'yan tsaki ne masu furfurar gashi, sun dunƙule waje guda, uwar ta juya wa iska baya ta kare su. Can sai ga abokin zamanta ya taso daga tudu, bai ko kaɗa fiffike ba, iska ce ta ɗauko shi, ya saki ƙafafu ya dira a gefen sheƙar daidai wa daida, ƙarƙashinsa kuwa ruwa na ta haukansa. Nan take su biyun suka jefa kai baya har ya taɓa gadon bayansu, suka shiga kaɗa baki, ƙwas-ƙwas-ƙwas, sautin ya haye rugugin teku ya iso mu. Wannan tsuntsu kusan ba shi da murya, da baki yake gaisuwa. Daga nan ya sunkuya ya amayo abin da ya kawo, 'yan tsakin suka yi caa a kai.

Ba a teku suke kiwo ba. Gonaki da fadamun da ke bayan gaɓar suke zuwa, su kamo kwaɗi, fara da ƙananan halittu. Tun asali idan sanyi ya gabato sukan tsallaka mashigin ruwan Jibralta da ke tsakanin Turai da Afirka su keta Sahara su sauka a yankin Sahel. Yanzu da yawa daga na Fotugal sun daina tafiyar, suna zama shekara cur, saboda suna samun abin ci a manyan jujin shara da gonakin shinkafa. Ban so jin haka ba. Tsuntsun da ke iya keta hamada da fiffikensa, a ce juji ne ya zaunar da shi.

Daga Cabo Sardão hanyar ta daidaita, ƙasa mai tauri, gaɓa a dama, gonaki a hagu. A hagun nan ne na fara hango wani abu yana ƙyalli a rana, dogaye, jere-jere: rumfunan leda ne da ake noman 'ya'yan itatuwa masu laushi a ciki, ana kai su kasuwannin arewacin Turai. Ruwan da suke sha daga madatsar Santa Clara yake zuwa, a kan kogin Mira. Masu tsinkar kuwa galibinsu baƙi ne daga Nepal, Indiya da Bangladesh. A 2021, lokacin annobar korona, gwamnati ta killace gundumomi biyu na ƙaramar hukumar Odemira, ɗaya daga ciki ita ce ta Almograve inda muka kwana, kuma a lokacin ne ƙasar ta ga irin cunkoson da ma'aikatan nan ke kwana a ciki. Mai bin bakin gaɓa zai iya gama zangon nan kaf bai waiwaya hagu ba, domin duk kyan yana dama. A ganina ya kamata ya waiwaya. Tsakanin turbar da muke yawon shan iska a kai da inda wani ke sunkuye tun asuba cikin zafin leda, tafiyar 'yan mintuna ce.

Da la'asar muka gangara wani matsattsen kwari zuwa Entrada da Barca, ƙaramar tashar masunta, kwalekwale a jere, komaye a shanye, wani mutum zaune a ƙofar rumfarsa yana ɗinke inda ta yage. Daga nan sauran tafiyar a gefen titi ce, miƙaƙƙiya, babu abin faɗi a kanta sai gajiya.

Zambujeira do Mar ƙaramin gari ne mai fararen gidaje a saman gaɓa. A dandalin da ke kallon teku mun tarar da samari ma'aikatan gona sun taso daga aiki, wasu zaune kan dakali, kowa da waya a hannu yana magana da mutanen gida. Muka yi musu sannu, suka matsa mana wuri muka zauna. Yaya ya zaro taswira ya shimfiɗa a gwiwa. Zango na gaba zuwa Odeceixe ne, wajen kilomita 18, inda kogin Seixe ya raba yankin Alentejo da na Algarve, kuma hawa da gangarensa sun fi na yau yawa. Ya bi layin da yatsa har ƙarshe, ya ce mu kwanta da wuri, domin yana so mu wuce rairayin farko tun rana ba ta ɗaga ba.