Kuɗin tsohon faifai, da dalilin da na bar shagon

Tun da na bar shagon faifai a babbar kasuwar Garwa ta Kamaru, mutane ke tsayar da ni suna tambaya: yaya ake sanin kuɗin faifan sidi wanda kamfani ya daina bugawa? Wasu da gaske suke, akwai kwali jibge a ɗakinsu. Wasu kuwa dalilin rabuwata da maigida suke son ji. Maganar guda ce, shi ya sa zan haɗa su.

Duk wanda ya zauna a layinmu ya ga yadda sana'ar ta juya. Da memori da waya suka shigo, masu tura waƙa suka kwashe matasa, faifan kwafi da ake kawowa daga Kano da Legas ya koma ko tayi ba a yi. A daidai lokacin ne faifan asali ya fara daraja, wato wanda aka buga a masana'anta da takardarsa da lambarsa: kiɗan Mali, rumba ta Kongo, makossa ta Duwala, irin waɗanda ƙananan kamfanoni a Faransa da Ingila suka fitar a shekarun 1980 da 1990. Masu tara su suna can ƙasashen waje, kuma suna biya. A shagonmu ni kaɗai na zauna na koyi bambance su, Alhaji maigidana kuma ya san haka sarai.

Wata Hajiya ce ta zo bayan ta fita takaba, ɗanta na ɗauke da kwali biyu. Mijinta ya yi karatu a Faransa, kuma mutum ne mai adana kaya, kowane faifai da takardarsa ba ko lanƙwasa. Ba ta yi ciniki ba. Cewa ta yi: "Alhaji, ni ban san kuɗinsu ba. Ka ba ni abin da ake bayarwa, na yarda da kai." Ya sa ni na duba. Na ja shi gefe na ce: "Maigida, akwai guda uku a nan da kowannensu zai kai jaka 20," wato sefa dubu 20. Ya ce: "Kai yaro, kasuwa ka zo koyo ko wa'azi?" Ya koma ya ƙirga mata jaka 10 kuɗin kwali biyun, har da cewa don darajar marigayi ya ƙara. Ta yi godiya, ta sa masa albarka.

Kayan suka bi ta hannun wani dillali a Yaunde. Bayan wani lokaci ɗan Hajiyar ya ga ɗaya daga cikin faifan a intanet da kuɗinsa, ya dawo shagon ransa a ɓace. A gaban maƙwabta Alhaji ya nuna ni ya ce yaron nan ne ya ƙiyasta su, shi bai san kan faifan Turai ba. Na buɗe baki, ya daka mini tsawa. A ƙarshen watan na miƙa masa makulli.

Abin da ke ci mini rai shi ne har yanzu akwai masu ce mini ai ciniki ne, ta sallama da bakinta. Wanda ya zo yana ja-in-ja daban yake da wanda ya ce ban sani ba, na ba ka amana. Malamanmu na Malikiyya sun ware irin wannan ciniki, sun ce wanda ya miƙa wuya haka ba ya halatta a ƙware shi. Kuma an hana tare ayari a hanya tun kafin masu kaya su shiga kasuwa su ji farashi. A sana'ar tsohon faifai kasuwar tana cikin waya, kuma yawanci mai saye ne kaɗai ya leƙa ta.

Da ni aka bar wa, ga yadda zan yi. Ba na kallon kuɗin da mutane suka rataya wa faifai, domin kowa na iya rubuta yuro 200 faifan ya shekara ba wanda ya taɓa. Kuɗin da aka riga aka sayar nake nema. Shafin Discogs na cinikin faifai a intanet, wanda aka kafa a 2000, yana nuna mafi ƙanƙanta da matsakaici da mafi tsada na cinikin da aka yi, kuma matsakaicin nake riƙewa. Juyawa zuwa sefa ba wuya, yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Daga nan a cire kuɗin aikawa, da la'adar dillali, da zaman jira, don wani faifan sai ya daɗe kafin mai sonsa ya ɓullo. Abin da ya rage, rabi na mai kaya ne a wurina, kuma sai ya ga lissafin da idonsa kafin ya ce ya sallama.

Kafin lissafi sai an tabbatar faifan na asali ne. A juya shi: na masana'anta bayansa azurfa ne, wanda aka ƙona a kwamfuta yakan ja kore ko shuɗi. A duba zoben tsakiya, akwai ƙananan lambobi, kuma daga 1994 masana'antu suka fara sa alamar IFPI, ƙungiyar kamfanonin faifai ta duniya, a wurin. Rashinta a faifan da ya girmi wannan shekara ba laifi ba ne, mutane da yawa na ruɗewa a nan. Lambar da ke gefen takarda ta dace da ta jikin faifan, domin waƙoƙi iri ɗaya bugu daban kuɗinsu ba ɗaya ba.

Robar waje ba komai ba ce, ana canzawa. Takardar ciki ce ba ta da madadi, kada a rubuta kuɗi a kanta. Kada a jera faifai a rana, zafin Garwa na Maris da Afrilu ba ya barin roba. Ƙaranci kaɗai ba ya sa tsada sai akwai mai nema. Waƙoƙin manyan makaɗanmu irin su Shata, wanda ya rasu a 1999, yawancin abin da ke yawo a sidi daga kaset aka kwafo, don haka tsabtar sauti ake biya wa, kada wani ya ce muku na asali ne.

Yanzu a gida nake karɓar kaya, a Yelwa. Wasu in na nuna musu farashin sai su kwashe kwalinsu su ce za su nemi mai biya fiye da haka, kuma haƙƙinsu ne. Shi kuwa Alhaji muna gaisawa ranar Juma'a, amma har yau bai kira ɗan Hajiya ya faɗa masa wanda ya yanke jaka 10 ba.