Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Neman Gurbin LL.M. a Amurka

A makon jiya mun tsaya daidai inda zancen ƙaro karatun shari'a a Amurka ya taso. Wannan makon zan jingine labarin kaina in shimfiɗa yadda harkar take, domin na san cikin masu bibiya akwai matasan lauyoyi da ke da wannan niyya a zuci.

Digiri uku ne a tsangayoyin shari'a na jami'o'in Amurka. Akwai J.D. na shekara uku, hanyar da 'yan ƙasar ke bi su zama lauyoyi bayan sun yi digirin farko a wani fanni. Akwai S.J.D., digirin digirgir na masu bincike da koyarwa, wanda makarantu da yawa suka fi ɗauka daga cikin ɗalibansu na LL.M. Wanda ya shafe mu shi ne LL.M., digiri na biyu a shari'a, na wanda ya riga ya karanci shari'a a ƙasarsa. Ana ce masa shekara ɗaya, amma zango biyu ne, daga Agusta zuwa Mayu. Wata tara ke nan. Don haka amfanin karatun ko asararsa, tun kafin a hau jirgi ake yanke shi.

Manyan makarantu kan rufe karɓar takardu a Disamba, Harvard ranar 1 ga wata, amsa kuma sai wajajen Maris. Ba a neman LSAT, jarrabawar da masu neman J.D. ke zanawa. Abin da ya fi kayar da mutane takardar sakamako ce. Yawancin makarantu ta hannun LSAC, hukumar da ke tattara takardun masu neman gurbi a tsangayoyin shari'a, suke karɓarta, ita kuwa ba ta amsar wadda ta fito daga hannun ɗalibi. Jami'ar da ka gama ce za ta aika da kanta, cikin ambulan a liƙe, hatimin rajistara a kan bakin liƙin. Ka ɓare don ka leƙa, takarda ta tashi aiki. Idan ba da Turanci aka rubuta ba, sai an haɗa da fassara. Bayan ta isa ma, tantancewa na cin makonni. Wanda ya fara sintiri ofishin rajistara a Nuwamba ya makara. Tun Yuli ake farawa. A kuma duba cewa sunan da ke fasfo shi ne ke kan sakamakon, domin harafi ɗaya kan sa fayil ya yi ta jiran takardar da ta daɗe da isowa.

Sakamakon TOEFL ko IELTS, jarrabawar gwajin Turanci, shekara biyu yake aiki. Kowace makaranta da dokarta kan wanda za ta yafe wa, saboda haka kada ka ɗauka yin digiri da Turanci ya wadatar. Ka tambaya a rubuce.

Wasiƙun shaida biyu ne ko uku, aƙalla ɗaya daga malamin da ya koyar da kai. A nan mutane kan ruɗu da girman suna. Layi huɗu daga babban alƙalin da bai taɓa karanta rubutunka ba, ba su kai shafi guda daga malamin da ya duba kundinka, wanda zai iya faɗin hujjar da ka kawo da inda ka yi gardama da shi. Bayanin kanka kuma ba wurin yabon makaranta ba ne. Harvard kan nemi ka ɗauko wata matsalar shari'a ka nuna yadda za a tunkare ta, kuma ko inda ba a nema ba, irin wannan tunani ake son gani. Yale kuwa masu niyyar koyarwa take ɗauka, 'yan kaɗan.

Sai babban abin da nake roƙon kowa ya kula da shi. LL.M. ba lasisin aikin lauya ba ne. Kowace jiha da dokarta, kuma New York ce baƙi suka fi nufa. Doka ta 520.6 ta babbar kotun jihar ta ce wanda zai dogara da LL.M. don zana jarrabawar lauyoyi sai ya yi kiredit 24 (ma'aunin nauyin darussa) a cikin aji, ya kammala cikin wata 24. Daga ciki 12 an ƙayyade su: biyu a ladubban aikin lauya, biyu a bincike da rubutun shari'a, biyu a tsarin shari'ar Amurka, shida a darussan da jarrabawar ke tambaya. Ɗalibi zai zo, sha'awa ta kwashe shi, ya cika jadawalinsa da sasancin kasuwanci da dokokin ƙasa da ƙasa, sai a zango na biyu ya tarar ajin ladubba ya cika. Abin ban tausayi ne, domin babu zango na uku.

Akwai kuma tantancewar farko ta hukumar jarrabawar lauyoyin jihar, wadda ke duba karatun shari'ar da mutum ya yi a ƙasarsa. Mai son zana ta Yuli, takardunsa su isa zuwa 1 ga Oktoban shekarar da ta gabata, wato 'yan makonni bayan fara karatu, kuma waɗannan ma daga jami'arsa ta gida za su fito. Mai dabara yakan nema tare da na LSAC a tafiya ɗaya. LL.M. na gyara gajartar shekarun karatu, ko bambancin tsarin shari'ar da mutum ya karanta, amma ba ya gyara duka biyun a tare.

Tallafin karatu galibi rage kuɗi ne, ba ɗauke nauyi duka ba, kuma tare da gurbi ake nemansa. Makaranta ba za ta ba da takardar I-20, wadda da ita ake neman F-1, bizar ɗalibai, ba sai ta ga shaidar kuɗin makaranta da na zama na shekara guda. Bayan kammalawa akwai izinin aiki na wata 12.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga aji mu ga yadda malami ke kiran suna ba zato, ya tsare ɗalibi da tambayoyi kan hukunci ɗaya.