Talata: ni da jumlolin Albaniyanci

Yau da hantsi Malam ya tara mu a ofishinsa kan babin da ya ba mu game da ginin jumla a harsunan yankin Balkan na kudu maso gabashin Turai. Muna cikin zama aka ɗauke wuta, sai muka ja kujeru bakin taga, shi kuma ya juya wata tsohuwar takardar jarrabawa ya hau rubutu a bayanta da jan biro.

Ya rubuta jumlar Albaniyanci dua të shkoj, a ƙarƙashinta kuma dua të shkojë. Harafi ɗaya tak ya raba su, amma ta farko tana nufin "ina so in tafi", ta biyu "ina so ya tafi". Sai ya ƙara ta uku, filloj të shkruaj, wato "ina fara rubutu", ya ce a nan ƙofar a rufe take: ba dama ka mayar da ita të shkruajë da nufin kai ka fara, wani ya rubuta. Aikatau na biyu, wato kalmar aiki ta biyu, yana ɗauke da alamar mai aikin a jikinsa, amma bai da zaɓi, dole ya bi aikau na farko, wato mai yin aikin farko.

Abin da ya sa wannan ya zama abin magana shi ne, ra'ayin masanin harshe Noam Chomsky na 1981 ya ɗauka cewa irin wannan ɓoyayyen aikau mai bin na gabansa dole ba ya zama sai a ganga, wato sashen jumla, wadda aikataunta ba ya nuna lokaci ko mutum, kamar yadda ake gani a Ingilishi. Harsunan Balkan sun ƙi shiga wannan layi. Girkanci yana amfani da na, Romaniyanci să, Bulgeriyanci da, Albaniyanci të, kuma duk aikatau mai alamar mutum ne ke biyo baya. A 2004 wani masanin harshe mai suna Idan Landau ya raba irin waɗannan ganguna gida biyu, kuma ma'auninsa ya kwanta mini a rai: lokaci. Kana iya so yau ka tafi gobe, amma ba ka iya fara abu jiya ka ce gobe ne yinsa. Inda ganga ta biyu ke da lokacin kanta, aikaunta ma yana da 'yanci. Inda ba ta da shi, sai biyayya.

Wani abu ya ɗan sosa mini zuciya. Karin Albaniyanci na Geg, na arewa da kogin Shkumbin har zuwa Kosobo, yana da sigar da ba ta nuna mutum: du me shkue, wato "ina so in tafi". Amma daidaitaccen Albaniyancin da aka tabbatar a taron Tirana na 1972 a kan karin Tosk na kudu aka gina shi, sai aka bar wannan siga a waje. Miliyoyin mutane na faɗinta a gida, makaranta ba ta karɓa a rubuce.

Bayan azahar muka zauna gindin dogon yaro da wata 'yar ajinmu. Ta ce, "Ai Hausa ce sak! Audu yana so ya tafi, ko shi ne mai tafiyar, ko wani." Na ce mata rabi dai. Da "so" gaskiyarki, amma gwada da "fara" ko "iya". Ba Bahaushen da zai ce na fara in karanta, ko na iya in tuƙa da nufin ya ƙware. Na fara karatu muke cewa, na iya tuƙi. Wato daidai inda biyayyar ta zama tilas, mu sai mu ajiye wakilin suna mu ɗauko sunan aiki, su kuwa mutanen Tosk sai su riƙe alamar mutum ko da ba abin da za ta zaɓa. Ta yi shiru, can ta jefo mini "na ƙi in tafi" da "na ƙi tafiya", duka biyun kuma daidai ne.

Da la'asar na koma na nuna wa Malam. Ya ce, "To, ɗan nan, ga aikinka nan." Zan tattaro jumlolin ƙi, rasa, kasa da yi ƙoƙari daga bakin mutane, in gwada su da ma'aunin jiya da gobe kafin zaman mako mai zuwa. Na fara da Inna bayan sallar isha'i, ta ba ni misalai har tuwonta ya huce.